Darasi: Kurmin Gajimare da Abin da Ke Tsirowa a Kowane Hawa na Dutse

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gembu a Jihar Taraba ya san yadda abin yake. A Serti ana fifita da kwali saboda zafi. Da an wuce Mayo Selbe mota ta fara nishi a kan kwana-kwanar dutse, sai ka ga fasinjoji suna ɗaga gilashi ɗaya bayan ɗaya, kafin a kai Nguroje kuwa kowa ya lalubo rigar sanyinsa daga jaka. Wani lokaci da damina direba kan kunna fitila da rana tsaka, don wani farin abu ya rufe hanya. Baƙo zai ce hazo ne, amma babu ƙura a cikinsa, kuma idan ya taɓa fuska jiƙa ta yake yi. Gajimare ne da kansa, wanda muka saba hangowa a sama, yau ga mota ta kutsa cikinsa.

A ƙasashe masu zafi akwai tsaunukan da gajimare ke sauka a jikinsu kusan kullum. Dajin da ke fitowa a irin wannan wuri shi za mu kira kurmin gajimare. Tambayar darasinmu ita ce: idan mutum ya fara hawa daga gindin dutse har ƙololuwa yana ƙirga tsirrai, a wane hawa zai fi samun bishiyoyi iri-iri, a wane hawa kuma zai fi samun tsiron nan da ake kira okid? Amsoshin biyu ba ɗaya ba ne, kuma a nan daɗin darasin yake.

Kafin mu ci gaba, mu daidaita kalmomi biyu. Idan muka ce "iri", muna nufin jinsin tsiro: gonar da ke da mangwaro dubu iri ɗaya gare ta, wadda ke da mangwaro da tsamiya da kuka da kanya tana da iri huɗu ko da guda-guda ne. Idan kuma muka ce wuri yana kan mita kaza, daga fuskar teku ake aunawa. Kano tana kan kusan mita 500, Jos wajen mita 1,200, tudun Mambila kuma wajen mita 1,500 zuwa 1,600.

Inda gajimaren yake fitowa

A duk hawan mita 1,000, zafi na raguwa da kamar digiri 6 a ma'aunin Salshiyos. Ke nan idan gindin dutse a bakin teku yana da digiri 27, a mita 1,500 za a sami wajen 18, a mita 3,000 wajen 9, a mita 4,000 kuwa ruwa kan daskare da dare. Tafiyar yini biyu a ƙafa kan ratsa da mutum yanayin da sai ya yi tafiyar dubban kilomita zuwa arewa kafin ya gamu da irinsa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Iska mai ɗumi da ta taso daga teku ko daga kurmin ƙasa tana ɗauke da laima da ido ba ya gani. Idan ta ci karo da dutse, ba ta da hanya sai sama. Tana hawa tana hucewa, iska mai sanyi kuwa ba ta iya riƙe laima da yawa, sai laimar ta koma ƙananan ɗigon ruwa. Kun ga irin wannan a jikin kofin silba da aka zuba wa ruwan ƙanƙara, da kuma ƙarƙashin murfin tukunya. Hawan da wannan ke faruwa ya danganta da dutsen. A manyan tsaunuka masu nisa da teku, gajimaren kan zauna tsakanin mita 1,500 da 3,000 ko ma sama da haka. A ƙananan duwatsun tsibirai kuwa yakan sauko har wajen mita 500.

Bishiyoyin wurin suna tatsar wannan gajimare. Ɗigon ruwa na maƙalewa a ganye da gansakuka, ya taru, ya ɗiga ƙasa, har mutum ya jiƙe sharkaf a ƙarƙashin bishiya ba tare da an yi ruwan sama ba. Wannan ruwan ƙari ne a kan na damina, kuma ya fi amfani lokacin da ruwan sama ya ɗauke, domin shi ke sa ƙoramun da ke gangarowa ba sa ƙafewa da wuri.

Okid ba kauci ba ne

Okid babban dangin tsirrai ne masu fure, iri wajen 28,000 a duniya. Mai yiwuwa wasunku su ce ba su taɓa ganinsa ba, amma kusan kowa ya san ƙamshin ɗaya daga cikinsu. Fanila da ake sa wa kek da askirim asalinta daga 'ya'yan wani okid mai yaɗo take, ɗan ƙasar Meksiko.

Wajen kashi bakwai cikin goma na okid ba sa taɓa ƙasa, a kan rassan bishiya suke rayuwa. Bahaushe na jin haka zai ce, ai kauci ke nan. To, akwai bambanci babba. Kauci yana huda reshe ya tura saiwarsa ciki, yana shan ruwan bishiyar da gishirinta, shi ya sa reshen da ya kama yakan kumbura, a ƙarshe ya bushe. Okid kuwa ɗan haya ne da ya zo da tukunyarsa. Wurin zama kawai yake nema a sama, inda haske yake, ba ya tsotsar komai daga mai gida. Za mu kira duk masu irin wannan zama tsirran kan reshe.

To da me yake rayuwa? Ku dubi saiwarsa da kyau. Kauri gare ta kamar igiyar shanya, fara-fara, a fili take a manne da ɓawon reshe ko tana lilo a iska. Farin nan wani rufi ne na matattun ƙwayoyin halitta mai kama da soso. Idan ɗigon ruwa ya taɓa shi, nan take ya zuƙe, sai ka ga saiwar ta juya kore a kan idonka. Idan iska ta bushe, ta koma fara, rufin kuma ya hana ruwan da ke ciki tsirarewa. Da yawa daga cikinsu suna da wani kumburi a gindin ganye mai kama da albasa, nan ne randarsu. Abinci kuwa ɗan abin da ruwa ya wanko ne daga ruɓaɓɓen ganye da ƙura da kashin tsuntsu. Wanda ba shi da rijiya, randa kaɗai gare shi, dole ya zauna inda mai ruwa ke wucewa kullum. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Ƙwayar irinsa ma abin kallo ce. Ƙwayar gero tana zuwa da guzurinta, garin da muke ci shi ne abincin da aka tanadar wa tsiron. Ta okid ba ta da guzuri ko kaɗan, ƙura ce kawai, kwanso ɗaya kan ɗauki dubbai, a wasu irin har miliyoyi. Iska ke kwasarsu. Wadda ta faɗa a kan reshe ba za ta tsiro ba sai ta haɗu da wata funfuna da za ta shiga jikinta ta ciyar da ita har ta yi ganye. Funfuna kuwa kun san halinta, sai wuri mai danshi.

Mu hau Kinabalu

Dutsen Kinabalu yana jihar Sabah ta ƙasar Maleshiya, a tsibirin Borniyo. Tsayinsa mita 4,095. An keɓe shi a matsayin gandun daji a 1964, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a shekarar 2000. An ƙirga tsirrai iri wajen 5,000 a wannan dutse ɗaya, fiye da 800 daga ciki okid ne. Na zaɓe shi ne don an daɗe ana nazarinsa, kuma hawa-hawansa a bayyane suke.

Daga gindi zuwa wajen mita 1,200 kurmin ƙasa ne, mai zafi da gumi. Manyan bishiyoyin nan 'yan wani dangi ne da masana ke kira Dipterocarpaceae, dogaye, miƙaƙƙu, ba reshe sai can sama, sukan kai mita 50 ko 60. A wani kwari na jihar, Danum, an auna ɗaya daga cikin danginsu a 2019 aka sami mita 100 da ɗoriya. Ƙasan kurmin duhu ne. Akwai okid, amma suna can ƙololuwa inda mai tafiya a ƙasa ba ya ganinsu.

Daga mita 1,200 abubuwa sun fara sauyawa. Dogayen nan sun ɓace, wasu dangogin da suka fi jure sanyi sun karɓi wurin, tsayinsu bai wuce rabin na ƙasa ba. Da hantsi gajimare ya fara shigowa tsakanin kututture. A nan ne za ku tsaya ku dubi reshe guda. Ba a ganin ɓawonsa, gansakuka ta lulluɓe shi kamar bargo, idan ka matsa da hannu ruwa ya zubo. Ƙarƙashin gansakukar akwai baƙar ƙasa da ta taru daga ruɓaɓɓen ganye, ƙasa sosai, amma a sama take, ba ta taɓa sauka ba. Cikinta kuwa ga okid nan a jere, wani furensa bai kai ƙwayar shinkafa ba, wani ya yi zangarniya yana reto. A wajen mita 1,500 ne okid ɗin Kinabalu suka fi yawan iri.

Sama da mita 2,000 bishiyoyi sun gajarce, sun karkace, sun murɗe kamar an matse wanki. Ganyensu ƙanana ne masu kauri da tauri. Dalilan suna da yawa: rana ba ta cika fitowa ba, iska tana da ƙarfi, sannan sanyi da jiƙewar ƙasa suna hana ganyen da ya zube ruɓewa da sauri, don haka takin yana nan jibge amma saiwa ba ta samunsa. Yunwar takin nan ce ta sa wasu tsirran wurin suka koma farauta. Akwai mai tulu a bakin ganyensa, Nepenthes rajah, wanda tulunsa kan ɗauki ruwa fiye da lita 2, ƙwari na faɗawa ciki yana narkar da su.

Daga wajen mita 2,800 sai guntayen itatuwa, wasu ba su wuce kafaɗar mutum ba. Bayan Panalaban, inda masu hawa ke kwana a wajen mita 3,270, ba a jima ba sai fallen dutse tsirara, da 'yan tsirrai a cikin tsaguwa. Har a nan ana samun okid, amma iri kaɗan, kuma sun bar rassa sun koma ƙasa da jikin dutse.

Abin da ƙidaya ta nuna

Gani da ido daban, ƙirga daban. Wani masanin tsirrai ɗan Amurka, Alwyn Gentry, ya ƙirƙiro hanya mai sauƙi da kowa zai iya maimaitawa. Yakan ja layi goma a cikin daji, kowanne tsawon mita 50 da faɗin mita 2, ya rubuta sunan duk itacen da kaurinsa ya kai santimita 2 da rabi. Ya yi haka a wurare fiye da 200 kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ikwado a 1993. A Yanamono, kusa da Ikitos a kurmin Amazon na ƙasar Peru, ya ƙirga hekta guda cur, wato kamar eka biyu da rabi, ya sami iri kusan 300 cikin itatuwa wajen 600. Ku auna: kusan duk itace biyu da ka wuce, ka gamu da sabon iri.

Da ya bi tsaunukan Andis zuwa sama, sai ya ga yawan irin itatuwa bai sauya sosai ba har wajen mita 1,500, daga nan kuma ya yi ta raguwa ba tsayawa har inda daji ya ƙare. Dangogin ma suna karɓar juna. A ƙasa dangin wake da ɗorawa da tsamiya ne kan gaba. A tsakiya dangin fiya ne, tare da dangin kofi, wanda a cikinsa ne ake da bishiyar sinkona da aka samo kwinin maganin zazzaɓin cizon sauro daga ɓawonta. Can sama kuwa dangin shuwaka ne suka fi yawa. Lissafin bishiya dai gangara ce, ana hawa yana sauka.

Na okid kuwa tozo ne. Ya fara da matsakaici a ƙasa, ya cika a tsakiya, ya sauko a sama. Ba a Kinabalu kaɗai ba. A Kosta Rika, Catherine Cardelús da abokan aikinta sun hau bishiyoyi da igiya a gangaren dutsen Barba, daga mita 30 har 2,600, suna ƙirga tsirran kan reshe. Sakamakon da suka fitar a 2006 ya nuna a mita 1,000 aka fi samun iri. A Andis ma a tsakiyar ake samun cikar, kuma ƙasashe biyu da ke kan waɗannan tsaunuka, Kolombiya da Ikwado, kowacce tana da okid fiye da iri 4,000.

Me ya raba hanyar bishiya da ta okid? Bishiya tana da saiwa a ƙasa, ko an yi makonni ba ruwa za ta jawo daga ƙarƙashi. Abin da ya fi damunta shi ne sanyi da ƙarancin taki, su kuwa ƙaruwa suke yi da hawa. Okid mai randa kawai, damuwarsa biyu ce. A kurmin ƙasa ruwan sama na da yawa, amma da rana ta take, ƙololuwar bishiya ta bushe ƙayau cikin sa'o'i kaɗan. Can sama kuma jaura ce, saiwar da ke waje ba abin da zai kare ta idan ruwa ya daskare. Tsakiya ce babu ƙishi babu daskarewa. Ga gansakuka da ke riƙe ruwa, ga funfunar da ƙwayar iri ke bukata, ga gajerun bishiyoyi masu karkatattun rassa da ke barin haske ya ratso. Abin da ya nakasa bishiya shi ya gyara wa okid shimfiɗa.

Wasu masana sun kawo wata hujja da ya kamata ku sani. Sun ce ko ba don yanayi ba, tsakiya za ta fi yawa. A ɗauki tabarmi masu tsawo daban-daban a watsa su barkatai a cikin ɗaki, ba a yarda ko ɗaya ta haura bango ba. Idan aka duba, tsakiyar ɗaki ce za ta fi samun tabarma kan tabarma. Haka dutse yake da bango biyu, teku a ƙasa, ƙololuwa a sama, kowane iri kuma yana da iyakar hawan da yake rayuwa. Hujjar tana da ƙarfi, amma a ganina ba ta isa ita kaɗai ba, domin da ita ce duka labarin, da bishiyoyi ma sun yi tozo a daidai wurin da okid ya yi. Akwai kuma gyaran da mai ƙidaya ya kamata ya yi wa kansa: dutse kamar malfa yake, faɗinsa na raguwa zuwa sama, ƙaramin fili kuwa dama ba ya ɗaukar iri da yawa. Sannan masu tattara tsirrai mutane ne, sun fi tsinka a gefen hanya da kusa da masauki.

Kaɗan ne, amma babu su a ko'ina

Kada raguwar adadi ta sa ku raina saman dutse. Bishiyar kurmin ƙasa kan bazu a faɗin ɗaruruwan kilomita. Ta saman dutse kuwa a tsibiri take, zafin kwarin da ke kewaye shi ne tekunta. Iri ɗaya da ya rabu a kan tsaunuka biyu, bayan dubban shekaru ba cuɗanya, kowanne sai ya kama hanyarsa har su zama iri biyu. Okid yana cikin masu saurin wannan rabuwa, don da yawansu ƙwaro guda ne ke ɗaukar musu garin fure. A Andis akwai okid mai suna Dracula da furensa ke kwaikwayon naman kaza a kama da wari, ƙananan ƙudaje su zo neman wurin ƙwai su tafi da garin fure.

Kusa da garin Banyos a Ikwado, wani mai bincike, Lou Jost, ya yi ta hawan tsaunukan da ke kewaye da kogin Pastaza tun wajen shekarar 2000. Akwai wani ƙaramin rukunin okid, Teagueia, da a da iri shida kawai aka sani a duniya. Shi da abokan tafiyarsa sun samo sababbi wajen 30 a kan 'yan tsaunuka maƙwabtan juna, waɗanda ke hayin kogin daban, na wannan gefen daban. A Kinabalu ma akwai Paphiopedilum rothschildianum, mai fure kamar takalmi da fukafukai biyu a miƙe, wanda ba ya fitowa a daji ko'ina sai yankin wannan dutse, a kan wata ƙasa mai yawan sinadarin nikel da yawancin tsirrai ba sa so. Kyansa ya ja masa, ɓarayin tsirrai sun yi ta tumɓuke shi suna sayar wa masu tara furanni. Yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta sa ido a kan fataucin dukkan okid tsakanin ƙasashe, ta kuma haramta cinikin irin wannan idan daga daji aka ciro shi.

Namu na gida

Tsaunukan da suka taso daga Dutsen Kamaru a bakin teku, mai tsayi sama da mita 4,000, sun miƙo arewa ta Oku har suka shigo Nijeriya a Obudu da Mambila da Gashaka Gumti, inda Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mita 2,419. Dazuzzukan kansu 'yan uwan waɗanda muka ambata ne, sai dai Afirka ba ta kai Asiya da Kudancin Amurka yawan tsirran kan reshe ba. Nahiyar ta sha dogayen zamunan fari da suka tsuke kurminta, ga kuma rani mai tsawo kowace shekara. A Mambila, daga Nuwamba zuwa Maris busasshiyar iskar hunturu ke kaɗawa, mai randa kuwa wata huɗu ba ruwa ba ƙaramin gwaji ba ne. Shi ya sa okid ɗin wurin suka fi taruwa a kurmin bakin rafi da kwazazzabai, inda laima ke fakewa.

Kusa da ƙauyen Yelwa akwai gandun Ngel Nyaki, ɗaya daga cikin ragowar kurmin tudu mafi kyau a ƙasar. Akwai tashar bincike a bakinsa, wadda Hazel Chapman ta jami'ar Kantabiri a Niyu Zilan ta jagoranci kafawa, kuma samarin ƙauyukan wurin ne ke yawancin aikin ƙidayar. Sun auna fili mai hekta 20, suka liƙa wa kowane itace lamba, fiye da 40,000, aka sami iri ɗari da 'yan kai. Ku kwatanta da 300 na hekta guda a Yanamono, za ku ga aikin tsayi da na rani a haɗe.

Abin da ke cin waɗannan kurame sananne ne. Ana sa wa ciyawa wuta da rani don sabuwa ta fito wa shanu, wutar takan lashi bakin kurmi taku kaɗan kowace shekara, shanu kuma su tattake 'yan tsirran da za su maye gurbi. Makiyayi da manomi kowa na da uzurinsa, ba mugunta ce ta kai su ba. Amma ku lura da wani abu: ana iya dasa bishiyar turare ta yi girma cikin 'yan shekaru, kamar yadda aka cika Mambila da ita, sai dai ɓawonta santsi ne kuma saɓulewa yake yi, ba ya tara gansakuka da ƙasar kan reshe irin ta tsohuwar bishiyar kurmi.

Idan gajimaren ya ɗaga

A 1802 wani Bajamushe, Alexander von Humboldt, ya hau dutsen Cimborazo a Ikwado, daga baya ya zana taswirar da ta nuna wane tsiro ke kan wane hawa. Da masana suka koma a 2012 suka sake aunawa, sun ce iyakar tsirrai ta haura da fiye da mita 500. Wasu da suka sake bin takardunsa a 2019 sun ce hawan bai kai haka ba, mita 200 da 'yan kai ne. Sun saɓa a adadi, amma duka sun yarda sama tsirran suke gudu saboda ɗumamar duniya. Na tsakiya zai iya matsawa sama, na ƙololuwa kuwa ba shi da inda zai je.

Sare kurmin ƙasa ma yana taɓa na sama, domin iskar da ta ratso fili tsirara ta fi zafi da bushewa, sai ta hau can nesa kafin ta zama gajimare. A Montebarde ta Kosta Rika, inda aka san okid fiye da iri 500, Nalini Nadkarni ta yi wani gwaji mai sauƙi. Ta yanko shimfiɗun gansakuka da tsirran da ke kansu daga bishiyoyin cikin gajimare, ta sauko da wasu ƙasa kaɗan inda gajimaren bai cika kaiwa ba, ta ɗaura su a kan wasu rassan. Waɗanda aka sauko da su suka yi ta zubar da ganye suna mutuwa, waɗanda aka mayar hawansu na asali suka ci gaba da rayuwa.

Aiki

Ku zana dutse a littafinku, ku raba shi hawa huɗu, ku rubuta zafin kowane hawa idan gindinsa yana da digiri 30 kuma tsayinsa mita 4,000. A gefe ku ja layi biyu, ɗaya na yawan irin bishiya, ɗaya na okid, kowa ya bayyana wa na kusa da shi da bakinsa abin da ya sa layukan suka bambanta.

Kafin haɗuwa ta gaba, ku kasu uku-uku ku gwada hanyar Gentry a ƙaramin sikeli. Ku sami igiya mai mita 50, ku ja ta a bakin rafi ko fadama, ku rubuta sunan duk itacen da ke cikin taku ɗaya dama da hagu. Ku sake yin haka a kan tudu ko jigawa. Wanda ba ku san sunansa ba ku tsinko ganyensa, a ajin nan ba za a rasa dattijon da ya san shi ba. Idan kun ci karo da reshe mai kauci, ku yanko shi tare da mahaɗar, mu tsaga mu ga inda saiwar ta shiga.